Sarki da Garba a Bakin Habboba

Kawu Rabe bai zauna ba. A bakin ƙofar falo ya tsaya, makullin mota a hannu, ya ce wa ƙanwarsa Jannatu, "Bayan La'asar Shehu zai dawo. Ki cire mata 'yan kunne, ki kashe mukayyif ɗin ɗakin. Ya ce sanyi ƙarfi yake ƙara musu."

"Yaya, da an bari ta ɗan huta. Kumburin hannunta ko sacewa bai yi ba."

"Wa zai huta? Ita ko su?"

Rumasa'u, 'yar Jannatu, tana kicin tana tace kunun gyaɗa, ta ji komai. Ta ji saukar kawun nata a matakala, ta ji tashin motarsa zuwa shagonsa na unguwar Kudai. Sai a lokacin ta lura kunun ya cika kofin yana bin yatsunta.

Wadda ake magana a kanta tana ɗakin ƙurya, kan gadon asibiti da suka ɗauko haya. Hajiya Zali ce, uwar Rabe da Jannatu. Jikoki Habboba suke ce mata, irin kiran mutanen Sudan, domin a Gadarif aka haife ta, can ta yi aure, kafin mijinta ya tsallako da ita Makka ya kafa teburin tasbaha da turare. Ta haura tamanin da daɗewa. A watan Sha'aban ta faɗi a banɗaki, aka yi makonni da ita a wani asibiti a Jidda, aka dawo da ita gidansu na unguwar Shisha a Makka da ɓarin jiki a shanye. Hausa ta tafi daga bakinta. Larabci ma ya tafi. Abin da ya rage wani abu ne da ba wanda ya taɓa ji a gidan.

Da rana take fara shi, murya can ƙasa, kamar mai rarrashin jariri. Mardashen. Surub Sarkis. Surub Hagob. Surub Garabed. Surub Asdabazazin. Tsakanin waɗannan akwai wasu kalmomi masu gudu da ba a iya kamawa. Wani lokaci kuma sai ta katse, ta kalli duk wanda ke kusa ta ce, "Cur. Cur."

Mujahida, matar Kawu Rabe, ita ta fara fassara wa mutane.

"Wannan ai a fili yake," in ji ta, ranar da ta zo dubiya. "Ga Sarki, ga Garba, ga wani na hagu. Mutanen ɓoye ne na gida, tun daga ƙasar Hausa suka biyo zuri'ar. Ba ku ji abin da suke cewa ba? A mar da shi, a mar da shi. Gida suke so a mayar da su."

"To cur ɗin fa?" Jannatu ta tambaya.

"Shekarun da suka yi a jikinta suke lissafawa. Kaza cur." Ta gyara mayafi. "Su ma ba iƙama, ba takardar zama, suka zauna, kamar rabin unguwar nan."

An yi dariya ranar. Dariyar ta ƙare lokacin da Shehu Abdulrazak, mai ruƙiyyar da Kawu ya ɗauko, ya saurari suna na ƙarshe ya ce shi Azazil yake ji, sunan da Iblis yake da shi kafin a kore shi.

Ranar Talata ya yi zaman farko. Ya zo da ƙaramar lasifika ya kanga a kunnen tsohuwar, ya riƙe wuyan hannunta mai rai, yana karatu yana tsayawa yana daka tsawa, "Wane ne kai? Fita." Da ta fara jero sunayen sai ya danna babban yatsansa a maƙogwaronta. Rumasa'u aka sa ta riƙe ƙafafun, kuma ta riƙe. Ta ga leɓɓan Habboba sun koma launin toka, ta ji ƙafafun sun daina ja. Likitan Jidda ya faɗa musu zuciyar ta yi rauni, kada a bari ta firgita. Shehun ya ce taurin kan da ya gani alama ce mai kyau, a zama na biyu za su fita ko suna so ko ba sa so.

Zama na biyun shi ne yau.

Rumasa'u ta shiga da kunun. Habboba ta kau da kai daga cokalin. Shatin yatsu yana nan a wuyan hannunta, ya yi duhu a kan fatar da ta fi ta kowa haske a gidan. Kawu ya sha gaya wa baƙi dalilin hasken: kakarsa, uwar Hajiya Zali, sharifiya ce daga ƙasar Sham, Shamiyya ake kiranta a Gadarif, ta rasu Zali tana ƙarama.

Tsohuwar ta fara waƙar tata. Rumasa'u ta zauna tana kallon hannun. Tun kwanakin baya ta lura da abu biyu da ba ta faɗa wa kowa ba. Sunayen ba sa taɓa canja jeri. Kuma yatsan Habboba yana tafiya a kan zanen gado, ya miƙe, ya karkata dama, ya hau sama, ya tsaya, kamar mai kwatanta wa yaro hanyar gidan wani.

"Cur," in ji Habboba.

Akwai abu na uku. A asibitin Jidda, wata safiya, wata nas tana canja ledar ruwa, Habboba ta ce cur. Matar ba ta ko juyo ba ta miƙa hannu ta tsiyaya ruwa a kofi. Sai da ta kai kofin bakin tsohuwar sannan ta tsaya cak, ta zura mata ido. Da Larabcin mutanen Halab ta ƙasar Sham ta tambayi Rumasa'u daga ina kakarta take. Rumasa'u ta ce Sudan, idonta a ƙasa. Matar ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, aka kira ta wani ɗakin. Rumasa'u ta so ta bi ta, kunya ta hana. Ranar sallama matar ta rubuta sunanta da lambarta a jikin ledar magani, ta ce in an rikice a kan ƙwayoyin a kira ta. Anahid.

Rumasa'u ta ajiye kunun, ta ɗebo ruwa a cokali. Habboba ta buɗe baki kafin cokalin ya iso. Ta sha, ta sake buɗewa. Sai da aka kusa rabin kofi ta lumshe ido.

Rumasa'u ta ɗauki wayarta ta naɗi muryar tun daga Mardashen har ƙarshe. Ta nemo ledar maganin a durowa. Saƙon da ta rubuta sai da ta goge shi ta sake, ta goge, a ƙarshe ta aika da gajere: "Ni ce jikar tsohuwar da ta ce miki cur. Don Allah me take cewa? Da gaggawa ne."

Ba amsa. Aka kira Azahar, ta yi salla da wayar a gefen darduma. Ta ji mahaifiyarta ta shiga ɗakin ƙurya, ta ji ƙarar mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin, ta mutu. Ta leƙa ta ga Jannatu tana cire wa uwarta 'yan kunne a hankali, tana kuka ba sauti. Ta duba wayar. Ba a ma buɗe saƙon ba. Ta wanke kwanukan da ta riga ta wanke.

Wayar ta yi ƙara tana cikin goge murhu. Ta haura saman bene da gudu, inda tankunan ruwa suke, ta raɓe a 'yar inuwarsu. Siminti yana ƙona tafin ƙafarta.

"Na saurara a ɗakin magani, sai da na zauna," in ji Anahid. "Habibti, yarenmu ne. Yaren Armeniyawa, irin na tsofaffi, irin wanda kakata take yi. Cur ruwa ne. Tun a asibiti na so in gaya miki, na ce wataƙila kunnena ne."

"Kakata a Sudan aka haife ta. Bahaushiya ce."

"Uwarta fa?"

Rumasa'u ta ƙara matsawa cikin inuwar tankin.

"Na tura wa babana muryar," Anahid ta ci gaba. "Ya tsufa, ba shi da aiki sai labarin ƙauyukan da. Mardashen ƙauye ne a cikin duwatsu, gabashin ƙasar Turkiyya ta yau. Dangin uwarsa daga kwarin da ke bayan ƙauyen suke. Surub yana nufin mai tsarki, kamar ku ce waliyyi. Sunayen coci-coci ne na ƙauyen."

Kalmar ta shiga kunnen Rumasa'u ta zauna. Daga inda take tana hango hasumiyar agogon Harami a bayan gine-gine.

"Addu'a take yi?" ta tambaya.

"A'a. Hanya ce. Tana cewa, daga maɓuɓɓuga ki wuce Surub Sarkis, ki bar itacen goron a damanki, goro irin namu mai ɓawo. Ki hau tudu zuwa Surub Hagob, kada ki tsaya wasa a maƙabarta. Ki bi bayan Surub Garabed. In kin ga ƙofar Surub Asdabazazin, gidanmu ne mai shuɗiyar taga. Iyaye mata ke koya wa yara irin wannan don kada su ɓata. Babana ya ce wadda ta koya wa kakarki ita ma yarinya ce lokacin da aka fitar da su."

"Wa ya fitar da su?"

Anahid ta ja numfashi. Ta faɗa a gajarce, kamar wadda ta gaji da faɗa. Lokacin yaƙin duniya na farko aka zo aka tara mazan ƙauyen aka tafi da su bayan dutse. Mata da yara aka kora a ƙafa zuwa hamadar Sham. Waɗanda suka kai Halab da rai ba su da yawa. Yaran da suka rage wasu gidajen marayu suka ɗauka, wasu gidajen Larabawa, wasu aka tura Masar, wasu har Sudan wurin 'yan kasuwarsu da ke can.

"Coci-cocin fa?"

"Babana ya ga hotunan wani da ya je. Surub Sarkis ita ce mafi tsufa, ya ce ta fi shekara dubu, yanzu tumaki ake kwanarwa a ciki. Surub Hagob rufin ya rufta, masu neman zinariya sun haƙe daɓen. Garabed babu ita, duwatsunta suna jikin katangun mutane, da zanensu. Ta ƙarshen ƙofar kawai ta rage a tsaye. Ko sunan ƙauyen an canja."

Rumasa'u ta yi karatun tarihi a jami'a. Ta san shekarar, ta taɓa rubuta ta a jarrabawa. Ba ta taɓa tunanin tana kwance a ɗakin ƙuryarsu tana neman ruwa ba.

"Sunayen me suke nufi?"

Anahid ta faɗa mata ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo na ƙarshe ta ɗan yi jinkiri, sannan ta faɗi ma'anarsa kamar yadda suke faɗa a addininsu: laƙabin Nana Maryamu ne, wai uwar Allah. Rumasa'u ta runtse ido.

"Babana har kuka ya yi a kan Sarkis," in ji Anahid, tana neman sassauta maganar. "Ya ce ranar idinsa 'yan mata ke cin waina mai gishiri su kwanta ba su sha ruwa ba. Wanda ya ba ki ruwa a mafarki shi ne mijinki. Ni ma na ci, ban ga kowa ba sai ƙishirwa." Ta yi 'yar dariya. "Me ya sa kika ce da gaggawa?"

Rumasa'u ta gaya mata.

"Zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Na ga takardunta. Da zan iya da yanzu na shigo mota, amma kin san inda hanyata take ƙarewa."

Ta sani. Allon nan na kan titin Jidda zuwa Makka, inda waɗanda ba Musulmi ba suke karkata dama.

"Ke ce a wurin," in ji Anahid. "Ana kirana. Ki ba ta ruwa."

Ta tarar da mahaifiyarta a kicin tana jera kofunan shayin baƙi a faranti. Ta rufe ƙofa ta faɗa mata duka, a tsaye, da sauri, don ta san in ta tsaya ba za ta ci gaba ba. Jannatu ta saurara da kofi a hannu.

"Wata kafira a waya ta gaya miki kakata Kirista ce, ke kuma kin hau kin zauna."

"Umma, wainar gishirin nan da Habboba ta ba ni shekarar da na shiga jami'a, ta ce kada in sha ruwa sai da safe. Ke ma ta ba ki?"

Jannatu ta ajiye kofin a hankali.

"Al'adar Gadarif ce."

"Kin taɓa ganin wani ɗan Gadarif yana yi, ban da mu?"

Jannatu ta jingina da firji. "Babanki na gani," ta ce. "Da butar alwala ya ba ni, ko kofi bai nema ba." Ta share ido da bakin mayafi, sai kuma fuskarta ta ɗaure. "Kada ki kuskura ki faɗa wa kawunki. Shekara nawa yana cewa sharifiya. Surukan ɗansa Fahad ma haka ya gaya musu."

"To ke ki hana Shehun shiga."

"Ni? A gidan da Yaya yake biya wa haya?"

Aka kira La'asar.

Ba a daɗe da idar da salla ba suka ji takun mutum biyu a matakala. Kawu Rabe ya shigo da sallama, Shehu Abdulrazak a bayansa, dogo mai kauri, da jarkar ruwan tofi a hannu ɗaya, jakar lasifika a ɗayan. Jannatu ta gaishe su daga bayan labule. Kawu ya nufi ɗakin ƙurya, sai ya tarar da Rumasa'u tsaye a ƙofar, ta sa niƙabi, hannayenta a bayanta sun kama mariƙin.

"Yauwa, ki shiga ki riƙe ƙafafun."

"Kawu, ina son magana da kai."

Ya dube ta kamar kujera ce ta yi magana. Tun tana ƙarama gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ita ma a ƙasa-ƙasa.

"Ba'adain, sai an jima. Matsa."

"Yanzu ne, Kawu. Don Allah."

"Jannatu, me ke damun 'yarki?"

Shehun ya yi gyaran murya ya ce da Larabci, irin wannan yana faruwa, sukan kama na kusa da marar lafiya su sa shi ya tare hanya. In ana so, in ya gama da tsohuwar sai ya duba yarinyar.

Rumasa'u ta san Shehun ba ya jin Hausa sosai, don haka da Hausa ta yi maganar, a hankali, idonta a kan maɓallin rigar kawun.

"Ba aljanu ba ne. Yaren uwarta ne. Shamiyya ba sharifiya ba ce, Ba'armeniya ce, marainiya, daga wani ƙauye Mardashen. Sunayen nan na coci-cocin ƙauyen ne. Hanyar gida uwarta ta koya mata. Cur kuma ruwa ne, ruwa take roƙo tun da muka dawo da ita."

Fuskar Kawu ba ta motsa ba. Jijiyar gefen wuyansa ce kawai ta tashi.

"Wa ya gaya miki?"

"Nas ɗin asibiti. Yarensu ne."

"Kin ɗauki muryar uwata kin aika wa bare."

"Na aika."

"Jami'ar ke nan." Ya matso har tana jin ƙamshin turarensa. Ya rage murya. "Ki saurare ni, ya binti. Uwata ta yi hajji kafin a haifi uwarki. Ba za ta mutu da sunan coci a baki ba. Aljani ana fitar da shi. Wannan da kika kawo, wa zai fitar da shi?"

"Ba mai fitar da shi, Kawu. Shi ya sa in ya sake danna mata wuya ba abin da zai fita sai ranta."

"Matsa daga ƙofar nan."

A cikin ɗakin Habboba ta fara. Mardashen. Surub Sarkis. Shehun ya ɗaga kai, ya ajiye jarkar, ya fara zuge jakar lasifika. "Kun ji ko," ya ce. "Sun san na zo."

Kawu ya kai hannu zai kama mariƙin ƙofar ta bayanta. Rumasa'u ba ta san lokacin da ta yanke shawara ba. Ta juya fuskarta wajen Shehun, ta koma Larabci, da murya wadda ta fi wadda ta taɓa yi a gaban namiji.

"Ya Shaikh, kafin ka shiga akwai abin da ya kamata ka sani game da asalin kakata. Uwarta..."

"Rumasa'u."

Bai ɗaga murya ba, amma ta tsaya. Suka kalli juna, karo na farko ido cikin ido. Shehun yana shiga gidaje da yawa a Shisha da Kudai, har gidan surukan Fahad. Duk su biyun sun san haka.

"Uwarta me?" in ji Shehun.

Kawu Rabe ya saki mariƙin. Ya juya, ya sa murmushin da yake yi wa alhazai a shago.

"Uwarta ma ciwon zuciya ne ya kashe ta, shi take son faɗa. Yarinyar ta tsorata tun ranar Talata. Ya Shaikh, ka yi haƙuri, yau jikin ya yi nauyi. Mu bari sai na kira ka."

"Jinkiri ƙarfi yake ba su."

"Na sani. Sai na kira."

Ya ɗaukar masa jarkar da kansa, ya raka shi ƙasa. Rumasa'u ta saki ƙofar. Tafin hannunta ya yi shatin ƙarfe. Jannatu ta fito daga bayan labule, ta wuce ta, ta shiga ta kunna mukayyif.

Da Kawu ya dawo bai kalli kowa ba. Ya shiga ɗakin ya ja kujera kusa da gadon. Rumasa'u ta tsaya daga bakin ƙofa. Ya ɗauki hannun uwarsa, ya ga shatin, ya juya hannun ya rufe shi da nasa.

"Yumma," ya ce. "Ki ce La'ilaha illallah."

Habboba ta kalle shi. Yatsanta yana motsi a cikin tafinsa.

"La'ilaha illallah, Yumma."

Leɓɓanta suka yi ta neman wurin. Sannan ta faɗa, a karye, amma duka. Jannatu ta toshe baki da mayafi. Tsohuwar ta huta kaɗan, sai ta koma inda ta tsaya. Surub Hagob. Kawu ya sunkuyar da kai. Bai katse ta ba har ta kai ƙarshe.

Da ya yi magana, bangon yake kallo.

"Maganar nan ba za ta fita daga ɗakin nan ba. Mujahida kada ta ji. Fahad kada ya ji."

"To, Kawu. Shehun fa?"

"Ke kin bar mini hanyar kiransa?" Ya shafa gemu. "Ban yafe miki abin da kika yi mini a gaban baƙo ba. Ki sani."

"Na sani."

Ya miƙe, ya gyara wa uwarsa filo duk da ba abin da ya same shi. A bakin ƙofa ya tsaya, kafaɗarsa kusa da tata.

"Sunayen. Su wane ne?"

"Sarkis wani mutum ne nasu, mayaƙi. Hagob Yakubu ne. Garabed laƙabin Annabi Yahaya ne a wurinsu."

"Yakubu," ya maimaita. "Yahaya." Kamar yana ɗanɗana su. "Na ƙarshen fa? Wanda Shehu ya ce Azazil."

Rumasa'u ta tuna jinkirin Anahid a waya, da kalmomin da suka biyo bayansa, waɗanda in Kawu ya ji su ba zai kwana bai sake kiran Shehun ba. Ta kalli gadon. Ƙirjin Habboba yana hawa yana sauka a hankali.

"Ta Nana Maryamu ce," ta ce.

"Shi ke nan ma'anarsa? Duk tsawon nan?"

"Ita ake nufi, Kawu."

Ya dube ta na ɗan lokaci. Ta riƙe idonta a inda yake. Ya sa takalmansa, ya ce wa Jannatu zai aiko da lemo da magariba, ya sauka.